Dokar Busasshen Itace

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau Alhaji Rabe ya tara ma'aikatan masaƙa ya yabe ni a gabansu. Shekara guda ke nan da na kawo shawarar mu daina sayen ɗanyen itace don hura tukunyar tururin da muke rini da ita. Sai busasshe, wanda ya mutu da kansa. Hayaƙi ya ragu, maƙwabta sun daina kawo ƙara, masu sayen yadinmu daga Legas da ke ta tambayar me muke yi game da ɗumamar yanayi sun samu amsa. Alhaji ya ce, "Munzali ya fitar da mu kunya." Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har tsire na saya wa gida.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je Ɗantutture gaishe da Goggo Yahanasu, ƙanwar babana. Ita ta raine ni, da kuɗin daddawa ta saya mini takalmin makaranta na farko. Lokacin roron ɗorawa ne, na ɗauka zan tarar da tsakar gida cike da kalwa. Wayam.

Ɗorawa uku gare ta a gonar kakanmu. Biyu sun bushe a tsaye. Ta ce, "Je ka duba gindinsu, ɗan nan, ka ga aikin mutane."

Na je. An sassaƙe ɓawon kowacce an zagaye ta kamar awarwaro, faɗin tafin hannu. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi: itacen da aka yi wa haka, wata shida ya gama. Ta ukun ma an taɓa ta, saran sabo ne, bai kai rabi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na kasa cin abincin kirki.

Laraba, 16 ga Afrilu

Audi, mai kawo mana itace a mota, ya sauke kaya da hantsi. Na ja shi gefe na tambaye shi inda suke samun busasshe da yawa haka. Dariya ya yi. "Malam Munzali, icce nawa ka mutuwa da kanshi a shekara? Kun ce busasshe kuke so. To, busar da shi aka yi." Wai tun daga Kurfi har Kutawa kowa ya koyi dabarar. Da can reshe suke sara, itacen ya sake toho. Yanzu reshe ɗanye ne, ba ma karɓa, sai su kashe uwar gaba ɗaya su jira.

Bayan ya tafi na juya gumagumai goma. Bakwai da zoben sara a jikinsu. Shekara guda ina sa hannu a kan kayan nan, ban taɓa sunkuyawa na duba ba. Ni da na yi kiwo a dajin nan!

Juma'a, 25 ga Afrilu

Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin Alhaji ina juyowa. Jiya kuwa ya sa an buga sabuwar takardar da ake liƙa wa kowane bandir: ba ma sare itace mai rai. Ƙarya ce, kuma ni na haife ta. In na faɗa, yabon ya koma zagi, wataƙila ma aikin ya tafi. In na yi shiru, ɗorawar Goggo ta ƙarshe za ta shigo tukunyata kafin kaka, ni kuma in sa hannu.

Matata ta ce ai ba ni na riƙe gatarin ba. Haka ne. To me ya sa maganar ba ta sanyaya mini rai ba?

Talata, 6 ga Mayu

Na faɗa wa Alhaji. Ya ce, "Kai da ka kawo ciwon, nemo maganin." Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. An cire takardun. Sabitu makaniki ya ce in an gyara bakin murhu zai ci buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, ga su nan jibge bayan injinan casa ana neman mai kwashewa. Wutarsu ba ta kai ta itace ƙarfi ba, rini zai riƙa jan lokaci. Masu rini sun fara kirana Sarkin Buntu. Na cancanta.

Asabar, 17 ga Mayu

Na koma Ɗantutture. Na shafe saran ɗorawar da laka da kashin shanu, na ɗaure da buhu kamar yadda tsofaffi ke yi. Ko za ta tashi, Allah masani.

Sannan na zauna gaban Goggo na ce dokar da ta kashe mata itatuwa tawa ce. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani tun bara. Masu saran da kansu sunka ce dokar Munzali ce. Jira nike in ga ko za ka hwaɗi da bakinka."

Shekara guda tana tarbata da fura.

Alhamis, 22 ga Mayu

Buntu bai iso ba, tukunya ta mutu tun safe, masu rini suna zaune suna hararata. Sai ga Audi da mota cike, ya ce in karɓa na yau kawai, wa zai sani. Na hau motar na juya gungume ɗaya, ga zoben sara a jikinsa, na ce ya koma da kayansa. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Yini guda ba mu rina ko ƙyalle ba, gobe Alhaji zai kira ni.

Na cinye tuwona tas, har na nemi ƙari.