Ƙorafi Kan Kyanwar Marigayiya Nuriyya da Ta Salwanta a Mashigar Tungar Gawo

Daga:
Malam Haliru Ja'afar,
Tsohon Magatakardan Kotu, mai ritaya,
Shiyyar Malamai, Wurno,
Jihar Sakkwato.

Litinin, 16 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga:
Babban Jami'i Mai Kula da Binciken Dabbobi na Kan Iyaka,
Ofishin Shiyya, Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: SALWANTAR KYANWA GUDA A HANNUN JAMI'INKU RANAR 15 GA MAYU, 2025, DA ABIN DA ANKA RUBUTA CIKIN RAJISTA WANDA BA HAKA YA FARU BA

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, tare da fatan wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni ne mai suna a sama, shekaruna sittin da takwas. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin magatakarda a kotu, saboda haka na san darajar lokacin ofis, kuma na san akwai manyan al'amurra a gabanka da sunka fi maganar kyanwa. Ina roƙon ka daure ka karanta har ƙarshe.

1. Ɗiyata Nuriyya ta yi shekara goma sha ɗaya tana aure a Madawa, cikin Jamhuriyar Nijar, gidan Malam Zayyanu. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta rasu ranar Litinin, 5 ga Mayu, 2025, bayan jinyar kwana tara. Allah shi jiƙanta. Washegari na tafi, tare da ƙanena Abdulƙadir wanda ke zaune a Rara, cikin motarshi. Mun iske an riga an kai ta. Mahaifiyarta, Hajiya Mairama, ba ta samu zuwa ba, domin ciwon suga ya cinye mata gani shekara huɗu ke nan, kuma ƙafafunta ba su ɗaukar doguwar tafiya.

2. Marigayiyar tana da kyanwa mace, mai launin toka, da farin tabo a ƙirji da jan zare a wuya. Toka take ce mata. Shekara shida tana kiwonta. Malam Zayyanu ya shaida mini a gaban mutum biyu cewa kwana biyu kafin rasuwarta ta yi wasiyya a kai wa innarta kyanwar, ta ce ko Inna ba ta gani, tana iya shafawa. Tufafinta da kayan ɗakinta ba ta ambace su ba. Wannan kaɗai ta faɗa.

3. Da yake ni mutum ne da ya saba da takarda, ban yarda mu ɗauko dabbar haka kawai ba. Ranar Talata, 13 ga Mayu, munka kai ta wurin likitan dabbobi a Madawa, ya duba ta, ya ba mu takardar shaidar lafiya da katin allurar rigakafin ciwon haukan kare, duka da hatimi. Munka sa ta cikin kwandon kaba mai murfi, munka shimfiɗa mata tsohon zanen marigayiyar, munka ɗaure murfin da igiya. Tun daga Madawa kwandon na kan cinyata. Ba ta yi kuka ba sai sau ɗaya, da munka faɗa wani rami.

4. Ranar Alhamis, 15 ga Mayu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na rana, munka iso Mashigar Tungar Gawo. Anka buga wa takardun tafiyarmu hatimi ba tare da wata matsala ba. Ni da kaina na bayyana cewa muna ɗauke da dabba, ba wanda ya tambaye ni. Anka nuna mana jami'in binciken dabbobi, dogo ne, baƙi, mai tabo a haɓa, ba suna a rigarshi. Ya karɓi takardun biyu, ya buɗe rajista a kan benci ƙarƙashin rumfa, ya rubuta, ya miƙo mini in sa hannu kafin shi duba dabbar. Na sa. Ranka shi daɗe, ina son wannan shi shiga cikin bayani: na sa hannu ga abin da ba a riga an yi ba, kuma ban karanta ba. A aikina ban taɓa barin wani ya yi haka a gabana ba. Ranar ban san inda hankalina yake ba.

5. Jami'in ya ce a kwance igiyar nan take, a filin da manyan motoci ke tsayawa. Na roƙe shi mu shiga ɗakin ofis a rufe ƙofa, ya ce akwai kaya a ɗakin. Na roƙe shi shi shigo motarmu a ɗaga gilasai, ya ce shi ba ya shiga motar matafiya. Na ukku, na roƙe shi shi leƙa ta ƙofofin saƙar kwandon, domin ana ganinta sarai. Na gaya mishi ta marigayiya ce, baƙuwa ce, ba ta san kowa ba a cikinmu. Ya ce in ba a buɗe ba, dabbar ba ta wucewa, kuma shina da jama'a a layi. Ba kowa a layin sai wani mai awaki biyu.

Jami'in ya kwance igiyar da hannunshi, ya ɗaga murfin gaba ɗaya. A daidai lokacin wata tirelar albasa da ke gefenmu ta danna hon. Kyanwar ta yi tsalle ta bisa kafaɗarshi, ta shige ƙarƙashin motoci, ta bi ta gindin shingen waya da ke bayan ofishin. Na ga jelarta sau ɗaya. Jami'in ya yi dariya, ya karkaɗe rigarshi.

6. Na nemi a bar ni in bi ta. Anka ce bayan shingen wurin ma'aikata ne, matafiyi ba ya shiga. Na nemi wani ma'aikaci shi duba mini, anka ce kowa na bakin aiki. Na tsaya bakin wayar ina kiran sunanta har anka kira azahar. Ban saba kiran kyanwa ba, ban san da wace murya ɗiyata take kiranta ba. Bayan la'asar anka ce mu janye motarmu mun tare hanya. Munka biyo ta Goronyo munka sauka Wurno, kwandon na kan cinyata kamar yadda munka taso. Abdulƙadir ya yi mini magana sau biyu a hanya, ban tuna mi ya ce ba. Takardun dabbar sun tsaya hannun jami'in.

7. Ranar Asabar, 17 ga Mayu, na koma. Jami'in ba ya nan. Wanda na iske ya buɗe rajista ya nuna mini layin da ya shafe ni. An rubuta cewa kyanwa ɗaya, mace, an duba ta, lafiyarta lau, an miƙa ta ga mai ita, ta shiga Nijeriya. Ga sa hannuna a gefe. Ya ce mini, cikin ladabi, a wurinsu dabbar tana gidana, saboda haka ba abin da za a bincika.

8. Ranar Alhamis, 22 ga Mayu, na sake komawa, na iske jami'in farko. Ya ce bai tuna ni ba. Da na nuna mishi kwandon, ya ce mutane na rasa shanu garke guda su haƙura, ni dattijo ina yawo a kan mussa, in je kasuwa ko makwabta in samu wata. Ban ji fushi ba, kuma har yanzu da nake wanga rubutu ban ji ba. Na zauna a bencinsu kamar awa ɗaya, sannan na tashi na nemi mota.

9. Ranar Litinin, 2 ga Yuni, na koma karo na ukku. Wata mai sayar da tuwo a bakin mashigar, Malama Fatsuma, ta gan ni da kwando ta tambaye ni. Ta ce tun wajen mako biyu akwai wata kyanwa mai launin toka da jan zare a wuya da ke fitowa daga ƙarƙashin wata matacciyar mota a bayan shingen, in rana ta yi sanyi, tana cin abin da ta zubar. Ta ce ta rame, tana ɗingishi da ƙafar baya, kuma ba ta yarda kowa shi matso. Ta nuna mini motar ta tsakanin wayar shingen. Tsakanina da motar bai fi taku talatin ba. Na koma ofis na roƙi izinin minti goma, anka ce sai da takarda daga Sakkwato. Malama Fatsuma ta amince a ambaci sunanta, kuma ta ce za ta ci gaba da ajiye mata abinci. Allah shi saka mata.

10. Game da halin da ake ciki a gida. Ranar da munka dawo na ce wa Hajiya Mairama an riƙe kyanwar a kan iyaka sai an gama takardu. Shekararmu arba'in da huɗu tare, ban taɓa yi mata ƙarya irin wagga ba. Kullum da safe tana sa a zuba madara a ƙaramar tasa a ajiye bakin ɗakinta, ko yau ne za a kawo. Da rana a zubar. Haka munka yi mako ukku. Ranar Babbar Salla, bayan an sauko idi, na zauna na gaya mata yadda anka yi, har da sa hannuna. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko tana samun ruwan sha a wurin. Na ce ban sani ba. Ta ce a daina zuba madarar. Tun ranar kwandon ke kusa da gadonta, hannunta a ciki, bisa zanen.

Ranka shi daɗe, ba ina neman a kori kowa daga aiki ba, kuma ba diyya nake nema ba. Abin da nake roƙo cikin ƙanƙan da kai shi ne:

Na farko, a ba ni takardar izini in shiga bayan shingen ofishin Tungar Gawo na wuni guda, ni kaɗai, da rakiyar duk ma'aikacin da kunka ga dama, daga la'asar zuwa magariba, lokacin da anka ce tana fitowa. Ina roƙon a gaggauta, domin ruwa ya fara sauka, kuma an shaida mini wurin da motar take kwari ne da ke cika.

Na biyu, a gyara abin da anka rubuta cikin rajista ranar 15 ga Mayu. Dabbar ba a duba ta ba, ba a miƙa mini ita ba, ba ta iso gidana ba. Na shirya in rubuta da hannuna cewa na sa hannu kafin bincike, a haɗa da gyaran.

Na ukku, a mayar mini da takardar lafiyar da katin allurar. Sunan ɗiyata ne a kansu a matsayin mai dabba.

Na huɗu, in zai yiwu, a umurci ma'aikatanku su riƙa buɗe irin waɗannan ƙananan dabbobi a cikin ɗaki rufaffe.

Idan anka shiga anka iske kyanwar ta mutu, ina roƙon a faɗa mini haka a rubuce, kuma a bar ni in ɗauko zaren wuyanta. Za mu karɓa.

Na karanta wa Hajiya Mairama wagga takarda sau biyu kafin in rufe ta. Ba ta gyara komi ba. Ta ce dai ita anka bar wa wasiyya, ba ni ba, saboda haka a kawo tawada ta dangwala. Yatsan da ke ƙarƙashin sa hannuna nata ne. Ya ɗan karkace daga layi, domin ta ƙi in riƙe mata hannu.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi yi maka jagora cikin aikinka. Ina jiran amsarka da dukkan girmamawa.

Naka mai biyayya,

Malam Haliru Ja'afar,
Wurno.

Hajiya Mairama Haliru,
mahaifiyar marigayiya Nuriyya.