Fararen Layuka Tara a Ƙofar Makaranta

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri idan na yi ta zuba, don yau kwana ashirin ke nan zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba, rabi saboda murna, rabi saboda abin da zan faɗa maka idan na iso wurin.

Ni mai fenti ne. Shekara goma sha tara ina shafa gidajen mutane ciki da waje, ban taɓa yin aikin da wani ya tsaya ya ɗauki hoto a gabansa ba sai wannan karon. Gidanmu yana layi ɗaya da makarantar firamare inda autata take aji uku. Titin ba wani babba ba ne, amma tun da aka zuba masa kwalta direbobi suka mai da shi hanyar yanke. Kafin ka iso ƙofar makarantar akwai kwana, ga kuma katangar wani gida da ta tare ido. Idan aka tashi da rana sai ka ga yara sun yi cirko-cirko a bakin titi kamar 'yan tsaki, su dubi dama, su dubi hagu, su sake duba dama, sannan su kwasa a guje. Mu iyaye mun yi taro ya fi sau biyar, mun kai takarda ofishin masu kula da hanyoyi, kullum amsar ita ce ana dubawa.

To ranar wata Asabar da sassafe sai abin ya motsa mini. Na ɗauki ragowar farin fenti da nake ɓoyo, ba na banza ba, mai sheƙin nan da ake shafa wa ƙofar ƙarfe, wanda ruwa ba ya kama shi. Na ɗauki igiya da alli da rola. Na auna daga ginshiƙin ƙofar makaranta na dama zuwa na hagu na fitar da tsakiya, don ni ba na son aiki ya karkace. Na zana layukan tsallaka titi guda tara, kowane faɗinsa daidai da na ɗan'uwansa, shafi uku na yi musu. Malam, da ka ga yadda suke ƙyalli da hantsi ya fito, da kai ma ka ce a ba ka rolar ka taɓa.

Ranar Litinin unguwa ta ɗauka. Shugabar makaranta ta tara yara a fili ta sanar da su cewa daga yau nan ne wurin tsallakawa, kuma mota tana tsayawa idan mutum ya hau layukan. Malamai suka jera suka yi hoto. Kafin azahar sunana ya koma Injiniya, har a bakin masu shago. Mai ɗakina, wadda a da idan an tambaye ta aikin mijinta sai ta ce yana harkar gine-gine, yanzu duk baƙuwar da ta zo sai an raka ta ta wajen makaranta, ko da gidansu yana can ɗaya ɓangaren. Babban abin kuwa shi ne surukina. Tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanya kafin ya ajiye, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ba ya kirana sai da mai shafe-shafe. Wannan bawan Allah ya tako da sandarsa, ya tsallaka layukan, ya dawo, ya sake tsallakawa, sannan ya aika wa 'yarsa cewa ashe mijin nata yana da kai. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba don daɗi.

Yanzu ga inda nake son ka saurare ni da kyau. Makon jiya na sami aikin shafa saman wani bene da ke fuskantar makarantar. Daga kan tsani ina ganin titin gaba ɗaya, har da bayan kwanar, abin da wanda ke ƙasa ba ya gani. Abu na farko da na lura, yaran sun daina dubawa. Waɗanda da suke leƙa dama da hagu sau uku, yanzu tafiya suke yi a kan layukan kamar a tsakar gidansu, ana hira, ana musayar fensir. Na biyu, direbobin ba su san da zancen ba. Na ƙirga mota ashirin, uku ne kawai suka rage gudu, ɗaya ma daga cikinsu tsayawa ya yi ya sauke fasinja.

Ranar Laraba ina kan tsanin aka tashi. Ina kallo autata ta fito, ta ɗaga kai sama, ta ɗaga hannu ɗaya kamar yadda aka koya musu, ta hau layin babanta ba tare da ta waiwaya ba. A bayan katangar nan kuwa ga tifa cike da yashi tana tahowa. Ni ina ganin su duka biyun, su ba sa ganin juna. Na yi ihu, gwangwanin fenti ya suɓuce mini. Direban ya taka birki har tayoyi suka yi hayaƙi, motar ta tsaya tsakaninta da yarinyar bai wuce tsawon hannuna ba. Ita kuwa ta harare shi ta wuce abinta, ta je gida tana ba uwarta labari wai yau har tifa ta tsaya mata. Uwar ta yi dariya ta ce aikin Injiniya ke nan. Ni kuma har yau ban gaya mata abin da na gani ba.

Bai ƙare ba. Shekaranjiya aka yi ruwa, masu babura uku suka zame a kan layukan, ɗaya ya kuje gwiwa. Mai facin da ke bakin kwanar yana ta tsokanata wai tun da na yi aikin nan kasuwarsa ta buɗe. Mutane sun ɗora laifin a kan gudu, amma ni na san fentina. Idan ya jiƙe, sabulu ne.

Ga shi ƙarshen wata akwai taron iyaye, shugabar makaranta ta ce za a tsai da ni a gaban kowa a ba ni takardar yabo, kuma tana so in zana wasu huɗu, har da ƙofar ajin ƙananan yara. Surukina ya riga ya ba da rigarsa guga. Wani lokaci sai in ce in tashi da asuba in shafe layukan da baƙin fenti in ce hukuma ce ta goge. Wani lokaci in ce in yi shiru, ai da sannu direbobi za su saba. Wani lokaci kuma in ce in faɗi gaskiya, amma sai in tuna zan koma mai shafe-shafe har in mutu. Malam, me zan yi?

Naka, Mai Rola.

*

Ranka ya daɗe, Injiniya. Bari in kira ka da sunan tun yana hannunka.

Na daɗe ina karɓar wasiƙu a wannan fili, yawanci daga mutanen da suka yi ɓarna suna neman yadda za a yabe su. Kai ne na farko da aka yaba yana neman yadda zai tona kansa, saboda haka kafin in fara yi maka tsiya, karɓi jinjina. Unguwa guda ta yi taro fiye da biyar ta haifi takarda ɗaya. Kai ka tashi da gwangwani ka yi wani abu. Wannan ba ƙaramin hali ba ne, kada ka bari abin da ya biyo baya ya sa ka raina shi.

Sai dai ka yi wa titi abin da ake yi wa falo. Ka nemi tsakiya, ka nemi sheƙi, ka yi shafi uku, abin da duk zai sa mai gida ya ƙara maka aiki. Titi kuwa ba ruwansa da kyau. Iya abin da na karanta a kan lamarin, duk inda ka ga irin waɗannan layuka suna aiki, ba fentin ne ke tsai da mota ba. Akwai allon gargaɗi tun daga nesa, akwai tudun rage gudu, akwai wurin da direba ke hango mai tafiya da wuri, akwai kuma direban da ya san za a kama shi idan ya ƙi tsayawa. Kai ka kawo alƙawarin, ba ka kawo mai cika shi ba. Yara suka yarda da kai, tifa kuwa ba ta halarci taron da shugabar makaranta ta yi a fili ba. Tsoron nan da yaran suke da shi a da, mummuna ne a ido, amma shi ke kai su gida, kuma shi layukanka suka cire.

Cikin dabarunka uku, ka watsar da biyu. Idan ka shafe layukan a ɓoye, yaran za su ci gaba da tsallakawa a wurin da sabon halinsu, ba layi kuma ba dubawa, kai kuma ka ƙara ƙarya a kan kuskure. Yin shiru har direbobi su saba kuwa, ka tambayi kanka da wa za su koyi sabon. Ka riga ka ga ɗalibar farko daga kan tsani.

Kada ka jira ƙarshen wata. Gobe da safe, kafin a buga ƙararrawa, ka je wurin shugabar makaranta ka gaya mata abin da ka gani, da ƙirgen motocinka, da zancen ruwan sama. Idan da hali ka hau da ita benen nan lokacin tashi ta gani da idonta. Ita ma tana da nata gyaran, don ita ta ce wa yara mota tana tsayawa. A sake tara su a gaya musu cewa layi wurin tsayawa ne a duba, ba a sa ƙafa sai motar ta tsaya cak. Daga goben kuma kada yaro ya sake tsallakawa safe da rana ba babba a wurin, da wani babban a bakin kwanar riƙe da jan ƙyalle. Sauran huɗun da ake so ka zana, ka ce a dakata. Fentin mai santsi ka kankare shi da rana tsaka, kowa yana gani, bayan an sanar da yara dalili. Sannan ku koma ofishin nan, wannan karon ba da takardar koke kaɗai ba, da hotunan kwanar da lissafin motoci da labarin tifa, ku nemi su zo su zaɓi wurin da ya dace nesa da katangar, su sa allo da tudu da fentin da aka yi don titi. Ku riƙa zuwa duk mako har su gaji da ganin fuskokinku.

Mai ɗakinka kuma ka gaya mata yau, kafin shugabar makaranta ta ji. 'Yarta ce. Za ta yi fushi, ta yi kuka, wataƙila ta kwana biyu ba ta raka baƙi ta wajen makaranta ba. Wannan ya fi ta ji daga bakin mai faci.

Na bar maka surukinka a ƙarshe don shi ne maganin da kake ɗauka cuta. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan babbar mota ya fi kowa a unguwarku sanin nisan da tifa mai yashi take buƙata kafin ta tsaya. Ka je ka durƙusa ka ce Baba, na yi aikin mai fenti a inda ake buƙatar idon direba, ka zo ka duba mana. Zai kira ka mai shafe-shafe, ƙila sau biyu, ka haɗiye. Bayan nan ka roƙe shi ya riƙe bakin kwanar lokacin tashi. Ban taɓa ganin tsohon direban da zai ƙi damar tsai da motocin wasu yana yi musu faɗa ba, ga sanda yana da ita, ga riga an riga an goge.

Ranar taro idan an miƙo takardar yabo, ka karɓa, ka cancanta. Sai ka nemi minti biyar ka ba iyaye labarin abin da ake gani daga kan tsani. Wataƙila sunan Injiniya ya tsira, wataƙila ya tafi da fentin. Ko ya tafi, kana da yarinya 'yar aji uku da za ta dawo gida kullum ta ajiye jaka ta ce Baba, kuma wannan sunan ba a taro aka ba ka shi ba.

Allah ya tsare mana ita da sauran 'yan'uwanta, ya ba surukinka lafiyar tsayuwa, kai kuma ya kawo maka manyan gidaje masu faɗin bango, inda za ka yi sheƙinka son ranka.