Ni na goge lambobin 'yan'uwan 'yan dako, amma wani ake tuhuma

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. A ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ban zo a lallashe ni ba, kuma wanda zagi ne kawai a bakinsa ya wuce, na riga na zagi kaina fiye da yadda zai iya. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Shekarata arba'in da uku, ban taɓa zama a aji ba. A bayan motar albasa na shigo Legas. Na yi dako a kasuwar Mile 12 shekara tara har wuyana ya ƙi, na koma okada har ranar da aka ƙwace babur ɗina a Ojota ina tsaye ina kallo. Daga nan na samu gadi a wani ƙaramin ofis a Agege inda ake rubuta manhajojin waya. Karatun boko a jikin motocin haya na danfo da kwalin magani na koye shi. A ofishin akwai Kabiru, haifaffen Agege, jikan tsohon soja, ya yi jami'a, Hausarsa rabi Yarbanci ce. Shi ya lura ina leƙen kwamfutarsa duk sanda na kai masa ruwa. Wata Asabar ya ce, "Baba Maigadi, wannan idon naka zai fasa mini gilashi, jawo kujera ka zauna." Shekara uku ina zama. Ya koya mini rumbun bayanai, wato inda manhaja take adana duk abin da aka shigar mata, layi-layi kamar buhuna a sito. Ya koya mini rubuta umarni, ka ce wa rumbun kawo mini wane, gyara mini wane, cire wane. Ban iya Turancin hira ba, amma wannan na iya shi, don kalmominsa kaɗan ne kuma ba ya son surutu.

Ni na kawo shawarar a yi wa 'yan dako manhaja. Na ga an binne mutane a garin nan ba wanda ya san inda uwarsu take, sai a tattara tabarmarsu a ba wani. Na ce a rubuta sunan kowa, da garinsu, da lambar wanda za a kira idan ya faɗi. Ni na kai Kabiru gaban Sarkin dako. Ni na bi rumfa-rumfa ina karɓar lambobi, saboda mutanenmu ba za su ba ɗan boko mai tsukakken wando lambar matarsu ba, amma ni sun san ni, mun ɗauki kwando ɗaya. Ranar da aka ƙaddamar da ita, Kabiru ya miƙe gaban dattawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kaɗai nake da makullin rumbun nan, babu hannun da yake taɓa shi sai nawa." Aka yi masa tafi. Ni ina can baya ina jera kujeru. Ko sunana bai faɗa ba. Alhali kalmar sirrinsa tana kaina, duk wani ƙaramin gyara ni nake yi, kuma kwafin ajiya na kowace Juma'a, wanda ake komawa gare shi in abu ya lalace, a wuyana ya rataya shi. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Wata biyu da suka wuce, ranar Juma'a, wani ɗan dako mai suna Haruna ya biyo ta ofis ya ce a canza lambar gidansu, tsohuwarsa ta samu waya. Kabiru ya riga ya tafi masallaci. Aikin layi uku ne. Layin farko ya ce ga inda za a gyara, na biyu ya ce ga sabuwar lamba, na uku ya ce ta wane ce. Wannan na ukun shi ne sharaɗi, in babu shi rumbun ba ya tambayarka, kowa zai yi wa. Kabiru ya sha faɗa mini abu biyu: kafin ka gyara, ka fara cewa a nuna maka wanda za a taɓa ka gani da idonka, sannan ka buɗe ƙofar komawa baya, kada ka tabbatar sai ka ƙirga. Ban yi ko ɗaya ba. Na yi irin wannan gyaran ya fi sau ɗari, ladan yana kira, alwala ma ban yi ba. Na ja hannu a kan layukan don in zaɓe su, hannuna ya tsaya a na biyu ban lura ba, na danna. Sai rubutu ya fito a ƙasa cewa layi ɗari takwas da sittin da biyu sun canza. Ɗaya nake jira in gani. Duk mutumin da ke cikin rumbun nan, lambar ɗan'uwansa ta koma lambar tsohuwar Haruna.

Na ruga wurin kwafin ajiya. Na ƙarshe da na yi wata biyar ke nan. Me ya hana ni? Ba zan ce wuta ba, ba zan ce aiki ba. Sakaci ne, da kuma wani abu a raina da yake cewa tunda shi kaɗai ne mai hannu, ya zo ya yi da kansa. Na ɗauko tsohon kwafin na mayar da lambobin duk wanda yake ciki. Amma waɗanda suka shiga bayan nan, mutum ɗari da talatin da wani abu, babu inda zan samo nasu. Na rufe kwamfutar, na tafi masallaci na tarar an idar. Da Kabiru ya dawo ya ce, "Oga Maigadi, lafiya? Fuskarka kamar ka haɗiye ƙashi." Na ce ciki ne.

Za ku ce ta yaya ba wanda ya gane? Ku dai ba ku san mu ba ne. A wurinmu ƙauye guda yana iya dogara da wayar mai shago ɗaya, mutum ashirin su ba da lamba ɗaya ba abin mamaki ba ne. Kuma manhajar mutum ɗaya take nunawa a lokaci guda, wa zai jera su ya duba? Na ce zan bi su a hankali in sake karɓa. Na samu kusan talatin. Sai aka fara ce mini, "Kai, ba ka karɓa kwanaki ba? Sayar da su kuke yi?" Wani ya ce zai tambayi Sarki. Sai na ja baya. Na ce sai ƙura ta lafa. Haka na ce, ni da na san abin da ya sa aka yi abin nan tun farko.

Mako uku da suka wuce motar tumatir tana ja da baya ta matse wani ɗan dako mai suna Sale da bango. Kafin a kai asibiti ya cika. Wayarsa tana aljihun gaba, ta niƙe. Sakataren ƙungiyar 'yan dako ya buɗe manhaja, ya nemo Sale, ya kira lambar da ya gani. Tsohuwar Haruna ta ɗauka. Layin ba kyau, ga hayaniyar kasuwa. Ya ce, "Daga Legas ne, wurin 'yan dako, sai dai haƙuri, ɗanku Allah ya yi masa rasuwa." Ba ta jira suna ba, ɗa ɗaya gare ta a Legas. Nan ta faɗi. Lokacin da ƙanin Haruna ya kira shi don ya ji wanda zai ɗauka, Haruna da kansa ya amsa, da buhun barkono a kansa. Tsohuwar tana nan da rai, amma ɓarin jikinta na hagu bai sake motsi ba, bakinta ya karkace. Shi kuma Sale a nan Agege muka binne shi. Sunan ƙaramar hukumarsu kawai aka rubuta, bai daɗe da zuwa ba, ba wanda ya san ƙauyen. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Na ɗauki kaya iri-iri a garin nan, ban taɓa jin nauyin da ya kai wannan ba.

Dattawa suka kira Kabiru. Haruna ya ci kwalarsa a gaban kowa, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. Sarkin dako bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kabiru, da bakinka ka ce babu hannun da yake taɓa abin nan sai naka. To ga abin da hannunka ya yi." An sa ranar Lahadi mai zuwa za a zauna a rumfar Sarki. Abin da nake ji shi ne za a jefar da manhajar, a kai ƙararsa, a kuma sanar a masallatan unguwa kada wanda ya sake ba shi aiki. Duk aikin da yake ci da shi na mutanenmu ne, masu shaguna da masu motoci. In aka yi haka ya gama a Agege.

Shekaranjiya da safe ya kira ni ciki ya rufe ƙofa. Ya juyo mini kwamfuta. Ashe rumbun yana rubuta kowane umarni da aka ba shi da lokacinsa, wannan bai taɓa koya mini ba. Ya sa yatsa ya ce, "Baba, karanta. Juma'a, ɗaya da rabi. A lokacin nan ina sahu na biyu, kafaɗata tana gogar ta Sarki." Na karanta. Layukana biyu ne, babu na uku. Na ce, "Ni ne." Ya ce, "Na sani tun ranar jana'iza." Na ce, "To ka faɗa musu mana, me kake jira?" Ya yi wata dariya mara daɗi ya ce, "In ce musu me? In ce na yi musu ƙarya, na ba maigadi makulli? Kuma kai ka fi ni sanin kasuwa. Ni ɗan gari ne, iyakaci su zage ni su kai ni ofishin 'yan sanda, kawuna ya zo ya yi magana. Kai Haruna da mutanensa ba ofis za su kai ka ba. Kana da yara huɗu. Abeg, don Allah ka koma bakin ƙofarka ka yi shiru, wahala ta ishe ni."

Tun daga lokacin raina yake tafasa. Maigadi! Bayan shekara uku, har a ranar da yake ɗaukar laifina, maigadi ne ni. Ceto na yake yi, ko kunyar a ji wanda bai je makaranta ba ne yake yi masa aiki yake gudu? Da ya faɗi sunana ranar nan gaban dattawa, da yau ina da bakin da zan ce na yi kuskure a aikina. Shi ya ɓoye ni tun farko, ni kuma na ci gaba da ɓuya. Amma ina faɗin haka ina jin ƙaryar da ke ciki. Ba shi ya ja hannuna ba. Ba shi ya hana ni kwafi wata biyar ba. Ba shi ya rufe bakina mako biyar ba, lokacin da kalma ɗaya za ta sa a sake karɓar lambobin nan a yini biyu, da yau tsohuwa tana tafiya da ƙafarta. Wa ya taɓa jawo mini kujera a garin nan in ba shi ba? Ina jin haushinsa, ina jin haushin sakataren da bai iya faɗin suna kafin ya faɗi mutuwa ba, amma duk in na zagaya kaina nake dawowa.

Matata ba ta sani ba. Ta ga ba na cin abinci ta ce ko an kore ni ne. Har yau akwai mutum kusan ɗari a kasuwar nan suna ɗaukar kaya a bayan motoci, suna ganin in sun faɗi za a kira gida, ni kaɗai da Kabiru muka san babu inda za a kira. Kuma ni na rubuta Sale da hannuna. Na tuna shi, dogo ne mai tabo a goshi. Ya karanto mini lambar daga wata 'yar takarda da ya ciro daga cikin hularsa ya ce, "Ta matata ce, ita kaɗai gare ni. In wani abu ya faru kai za ka kira ta da bakinka, Malam." Na ce in sha Allahu. Na matse kaina har ya yi ciwo, lamba uku ta farko kawai nake tunawa. Tana can wani ƙauye tana kiran wayar da ba ta shiga, ba ta san ya kamata ta fara takaba ba.

Lahadi saura kwana uku. In na yi shiru, wanda ya koya mini ya rasa sunansa da abincinsa a kan abin da bai yi ba. In na miƙe na yi magana, na tona ƙaryarsa, kuma ban san yadda zan fita daga rumfar nan ba, ban san wa zai riƙe mini yara ba. Ba na tsoron duka, an dake ni a garin nan ba sau ɗaya ba. Idon Haruna ne ban san yadda zan kalla ba. Masu aikin kwamfuta da ke nan, kada ku koya mini layi na uku, na san shi yanzu fiye da sunana. Ku faɗa mini abin da mutum yake yi bayan ya riga ya danna.

Jama'a, me zan yi?