Tocilar Baba Sale

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Mu nan lafiya, sai gajiya.

Kyamarar da ka aiko ta wahalar da ni. Kwana uku ina zuwa bakin dam ɗin Watari ɗaukar hoton taurari. Aikin duhu yake so, amma da na saita sai Baba Sale mai gadin tumatir ya zo ya haska min tocila. Na roƙe shi ya kashe, ya ce, "Haba ɗana, ni ba na barin baƙo cikin duhu."

Ko tauraro ɗaya ban samu ba, ga wata yana girma.

Ka gaida kowa, ka taya ni addu'a batirinsa ya ƙare.

Ƙaninka,
Nasiru