Jirgin da ke Haɗiye Hayaƙinsa

Zuwa ga maigidana, Mai Silima na Filinge,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah shi kai haske makwancinka, na san wagga takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, sai dai ka juya ta sama da ƙasa, ka ƙago abin da ka ga dama ka ce shi anka rubuta. Ni dai na gaji da magana da bango, shi ya sa na ɗauko biro da ɗan karatun manyan da na yi.

Na fita takaba. Damana ta yi mana gardama, gonar hanyar Bonkuku ba ta ba da rabin hatsin bara ba. Tunkiyarka ta haifi biyu, guda bai tashi ba. Gwiwata na nan yadda ka bar ta. Babban ɗanmu Isuhu yana can wurin aikinsa na meri, ofishin magajin gari, matarsa tana kula da ni, ba ni da ta cewa. Auta kuwa, shiru. Tun kiran nan da ya yi daga Agadas ya ce za su shiga hamada, babu wanda ya sake jin muryarsa. Ka tafi ba ka ji ba, ni ma har yau ban ji ba.

Maganar injinka ce ta zaunar da ni rubutu. Gwangwanayen fim ɗin nan da ke ƙarƙashin gado sun fara wani irin tsami mai hawa kai. Isuhu ya buɗe ya ce fim ɗin ya mutu, yana cin kansa, kuma shi ke sa ni tari. Ya ce akwai masu tara kayan da a Yamai da ke son injin, gwangwanayen kuma a bizne su bayan gari. Gaskiyarsa ce, na sani. Na dai roƙe shi ya kunna mani sau guda kafin a raba ni da su.

Ka tuna ranar da ka shigo da kayan nan? Wani Balarabe mai kanti ya kwashe ma su da zai rufe, ka zo kana washe baki kamar ka auro ɗiyar sarki. Fim guda tal, kuma tsoho tukuf, tun na zamanin da Nasara ba su iya sa wa hoto murya ba. Mutane na buɗe baki, ba ka jin komai. Rubutun Faransancin da ke fitowa tsakani kuwa, kai da shi sai kallo. Na ce to Malam, wa zai zauna kallon bebaye? Ka ce ai ga ka.

Kuma ka zama ɗin. Hannu na juya inji, baki na zuba. Dogon nan mai hula ka sa mashi Tanko, yarinyar ka ce Hajo ce, ka ce Tanko zai tafi ci-rani neman kuɗin aure. Kai ne Tanko, kai ne Hajo da ƴar siririyar murya, kai ne kare, kai ne ƙofa in ta buɗe. Ranar kasuwa ka ɗora kaya bisa amalanke, Bonkuku, Abala, ƙauyukan Kurfai ba inda ba ka kai ba. Mu mata muna zaune bayan farin ƙyallen da kake haska hoton bisansa, maza na gaba, kowa na ganin rabonsa.

Sai dai Balaraben bai ba ka gwangwanin ƙarshe ba. Fim ɗin ya tsaya ne daidai inda jirgin ƙasa ya ɗauki Tanko, Hajo na tsaye tana kaɗa hankici. Ran farko wata tsohuwa ta fashe da kuka, ɗanta na Abijan shekara da shekaru. Anka fara gunaguni. Sai na ga ka kama hannun injin ka juya shi baya. Wayyo, ga jirgi ya dawo da gindi, hayaƙi na komawa cikin bututu, Hajo na nan tana kaɗa hankicinta, ka ce maraba take yi. Wani mai wayo ya tambayi zancen hayaƙin, ka ce haka jirgin Nasara yake, in zai dawo gida haɗiye hayaƙinsa yake yi don kada ya ɓata wa masu tarye tufafi. Wa ya taɓa ganin jirgin ƙasa a Kurfai balle ya ƙaryata ka? Malaman lakwal, ƴan boko, sun sani sarai, amma sunka toshe baki suna dariya. Tsohuwar nan kuwa har guɗa ta yi.

Tun daga ran nan nike kiran ka babban maƙaryacin Filinge, kana cewa ƙaryar da ke mayar da ɗan mutane gida ai sana'a ce.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Bidiyo ta zo, salula ta zo, babu mai neman bebayenka. Injin ya yi shekaru a rufe. Amma da Auta ya yi shiru, sai ka riƙa rataya ƙyallen cikin tsakar gida bayan magariba, wai kana sa wa injin mai kada ya yi tsatsa. Wane mai, Malam? Mai ne ke sa mutum ya tsallake fim duka ya je wurin jirgi? Ni kuma sai in zauna baya ina ɓarar gujiya kamar ba ruwana. Na san don ni kake yi. In ka ce to jama'a, Tanko ya dawo, sai in samu barci. Ban taɓa cewa na gode ba. Bakina ya saba da tsokanarka, godiya ta yi mashi nauyi. Na gode, ka ji.

To, ran Alhamis Isuhu ya haɗa fitilar injin da batirin mota, ya rataya ƙyallen. Ya ce in zo gaba tunda ba kowa, na ce a'a, na san wurina. Ya fara juyawa. Malam, ashe fim ɗin nan bebe ne? Wallahi sai ran nan na sani. Tanko na buɗe baki kamar kifi, ba abin da ke fita. Hoton duk ya yi dabbare-dabbare, fuskar Hajo rabi ta cinye. Isuhu ya so ya cike shirun, ya fara karanta rubutun, wai ba ci-rani mutumin zai tafi ba, yaƙi ne. Na ce ya bar shi haka nan, ban aike shi ba.

Munka kai wurin jirgi. Ya tashi, ya tafi, ya ƙanƙance. Na ce ya juya baya. Ya ce Inna abin ya bushe, ba zai ɗauka ba. Na ce ya juya. Yaron kirki, ya juya a hankali. Ga gindin jirgi ya fara girma, hayaƙi ya fara komawa, ni kuma har na miƙe tsaye da wagga gwiwa tawa. Sai na ji ƙas. Ƙyalle ya yi fari fat.

Ya yi ta ƙoƙarin haɗawa, abin na marmashewa a yatsunsa. Da ya ɗago na ga idonsa ya yi ja. Na manta shi ma Auta ƙanensa ne. Munka naɗe ƙyallen tare.

Injin ya tafi Yamai jiya. Gwangwanayen suna cikin rami. Amma na tsinci guntun da ya yanke, bai fi kamu guda ba, na ƙulle shi a bakin zane. Da hantsi in na gama shara sai in ɗaga shi wajen rana. In ka bi ƴan hotunan daga sama, jirgin tafiya yake yi. In ka faro daga ƙasa, zuwa yake yi. Daga ƙasa nike farawa. Idona ya yi rauni, hannuna ba ya jimre ɗagawa, kuma guntun yana ƙarewa jirgin bai kai tasha ba. Wa zai ce mani ya dawo? Na gwada faɗi da bakina, bai zauna ba. Ƙaryar ma ashe sai mai ita.

Na gaji, Malam. Na gaji da zabura in salula ta yi ƙara, na gaji da kallon bakin duk wanda ya sauko daga motar arewa. Ka fi ni sanin gaskiya yanzu. In Auta na wajenka, ka riƙe shi da kyau, ka yi mashi faɗa kaɗan, ba da yawa ba. In kuwa ba ka gan shi ba, to jirgin na hanya, ni kuma ina nan inda ka bar ni.

Allah shi jiƙan ka, shi yafe maka, har da zancen hayaƙin. Sai na zo.

Taka, mai zama bayan ƙyalle,
Rabi