Champar da Aka Haƙo Bana

Tudun Huancavelica, Mayu

Ƙanwata Zenobia,

Gaisuwa mai yawa. Ya Lima da hayaƙinta? Ki daina kuka a wasiƙa, 'yarki Yaneth lafiyarta lau. Tun da kika kawo ta wurin Mama tarin nan ya tafi, kumatunta sun yi jajir.

Fari ya busar da fadama, sai muka haƙo champa, ƙasar ruɓaɓɓiyar ciyawar nan da muke ƙonawa maimakon itace, har iya ƙugu. Ta ƙasan baƙa ce wuluk, in ta bushe tana ci har safe. Mama ta ja gadon 'yarki kusa da murhu, ta toshe duk wata kafar iska.

Wasu 'yan jami'a sun zo sun caka bututu a fadamar, sun zaro laka doguwa kamar rake. Shugabarsu ta ce wai fadama ba ta manta hayaƙi. Na ce, "Madalla, sai ta zama surukar wani."

Yayanki, Teófilo

Lima, Mayu

Yaya,

Ina gaishe ku da Mama. Ban yi dariya ba. Wane hayaƙi? Ka manta labarin da Kaka ke ba mu na tanderun dafa zaiba, da mazan da hannunsu ke rawa, haƙoransu na zuba? Don Allah ka bar wasa, ka sauka gari ka tambayi matar nan ta jami'a.

Zenobia

Tudun Huancavelica, Yuni

Zenobia,

Muna gaisuwa. Na same ta. Ta ce fadama hawa-hawa take, kowane zamani da nasa. Inda muka haƙa, zamanin da Sifaniyawa ke dafa dutse su fid da zaiba ne. Hayaƙin ya sauka a ciyawa, ciyawar ta nutse da shi, wuta kuma tana iya tada shi. Ta ce ba za ta rantse ba tukuna, amma kada a ƙona ta a rufaffen ɗaki.

Da na gaya wa Mama, cewa ta yi, "Mutanen da suka mutu tun kafin kakan kakana ne za su hana ni jin ɗumi? Tashi ka ba ni wuri!"

Akwai abin da ban rubuta miki ba. Yaneth ta fasa kofi biyu, suɓuce mata suke yi daga hannu. Dasashinta na jini, kuma in na shigo sai ta ɓoye fuska, ita da ke hawa wuyana. Mama ta ce firgita ce, ta shafe ta da ƙwai wai don ya zuƙe firgitar. Ni dai tsoro nake ji.

Teófilo

Lima, Yuni

Yaya,

Ka kashe wutar nan yau. Ku ƙona busasshen kashin dabbobinmu alfaka. Uwar ɗakina ta ce sai ƙarshen wata za ta sake ni. Ni na kai Yaneth can da hannuna don ta shaƙi iska mai kyau. Ka sumbace min ita.

Zenobia

Tudun Huancavelica, Yuni

Zenobia,

Kada ki jira ƙarshen wata. Babu kashi, fari ya sa mun sayar da dabbobin. Na kashe wutar. Da safe ruwan bokiti ya daskare a cikin ɗaki, leɓunan Yaneth sun yi shuɗi. Mama ta sake hura champar, ni na miƙa mata ashana.

Yau ni na ba Yaneth miya a baki, ta kasa riƙe cokali.

Teófilo