Ruwan Sama Ba Mai Tarawa

Yaya Sepola! Shiru haka? Ya Inna, ya yara? Hadari ya leƙo tsibirinmu Nukufetau kuwa, ko har yanzu tankinmu a ƙafe, rijiya duk gishiri?

Mu lafiya lau a Auckland, sanyi ne kawai ke cin ƙafata. Ruwa kuwa kullum! Jiya yana saukowa na fita a guje da bokitai da tukwane, kamar a gida. Ɗanki Tavita ya ce, "Mama, akwai famfo fa!" Bokitai da tukwanen sun cika fal, na kasa zubarwa, ina tuna Inna tana auna ruwan shayi. Allah ya koro muku hadarin nan.

Tsaya, ana buga ƙofa. Maƙwabciya ce ta zo neman bokitinta, ashe har a cikinsa na tara ruwa. Sai dai ta ɗauka da ruwansa!